Asalin Kiɗan R&B Na Zamani Da Furodusoshin Da Suka Gina Shi

R&B nau'in kiɗa da waƙa ne da ya tsiro a tsakanin baƙaƙen fata na Amurka. Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci "rhythm and blues", wato kiɗa mai tada rawa haɗe da blus, waƙoƙin koke da bege da jikokin bayi suka raya a kudancin ƙasar. Mujallar Billboard ce ta yayata sunan a 1949, bisa shawarar ma'aikacinta Jerry Wexler. Kafin lokacin, ana jera faya-fayan baƙaƙen fata ne ƙarƙashin laƙabin da ke nuni da launin fatarsu kawai.

Kiɗan ya bunƙasa ne a biranen da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa cikinsu neman aiki, irin su Chicago, Detroit da New York. Kamfanin Atlantic, wanda Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, ya kafa tare da Herb Abramson a 1947, shi ya ɗaukaka Ruth Brown da Ray Charles. A 1959 Berry Gordy ya ranci dala 800 daga danginsa ya kafa kamfanin da ya zama Motown. A duk wannan zamani, makaɗa ne ke taruwa a situdiyo, kowa da kayan kiɗansa, a ɗauki waƙa.

Abin da ake kira R&B na zamani ya soma ne bayan kiɗan disko ya ja baya a ƙarshen shekarun 1970. Babban abin da ya bambanta shi da na da shi ne ragamar waƙa ta koma hannun furodusa, mutumin da ke tsara sauti a bayan fage, wanda yawancin masu sauraro ba su san fuskarsa ba.

Quincy Jones ne ya buɗe ƙofar. Tsohon makaɗin jaz ne, kuma shi ya tsara wa Michael Jackson kundin Off the Wall a 1979 da Thriller a 1982, kundin da ya fi kowane kasuwa a tarihi. Sai dai Jones ya ci gaba da dogaro da ƙwararrun makaɗa, yana cakuɗa su da sautin na'ura.

Sauyin gaske ya zo ne da wata na'urar buga ganga mai suna TR-808, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Da farko ba ta yi kasuwa ba, domin sautinta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, har aka daina ƙera ta a 1983. Wannan faɗuwa ce ta sa ta yi araha, ta shiga hannun matasan da ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa. Marvin Gaye ya gina waƙarsa "Sexual Healing" a kanta a 1982.

Waɗanda suka fi cin gajiyarta su ne Jimmy Jam da Terry Lewis na Minneapolis. Makaɗa ne a ƙungiyar The Time da ke ƙarƙashin mawaƙi Prince. A 1983 sun je Atlanta yi wa ƙungiyar S.O.S. Band aiki, dusar ƙanƙara ta tare su, suka rasa halartar wasa, Prince ya sallame su. Korar ta zame musu gobarar Titi: waƙar da suka tsara wa S.O.S. Band, "Just Be Good to Me", ta karɓu ƙwarai. A 1986 suka tsara wa Janet Jackson kundin Control, mai ganga mai kaifi da amon na'ura, wanda ya ba su kyautar Grammy ta furodusoshin shekara a 1987. Idan za a zaɓi kundi ɗaya a ce daga nan salon ya tsaya da ƙafafunsa, wannan ne ya fi cancanta.

A unguwar Harlem ta New York kuma, matashi Teddy Riley ya ɗora muryar R&B mai taushi a kan bugun hip-hop. Waƙar Keith Sweat, "I Want Her", ta 1987 ita ce ta fito da salon, wanda marubuci Barry Michael Cooper ya raɗa wa suna "new jack swing". L.A. Reid da Babyface sun bi ta ɓangaren waƙoƙin soyayya masu sanyi, suka kafa kamfanin LaFace a Atlanta a 1989, inda TLC, Toni Braxton da Usher suka yi fice.

Da Michael Jackson ya tashi yin kundin Dangerous na 1991, bai koma wurin Quincy Jones ba. Teddy Riley ya kira, wanda ke da shekara 24 lokacin da kundin ya fito.