Jidda da Ruwa: Daga Kindasa Zuwa Ambaliya

Wanda ya buɗe famfo yau a unguwar Aziziyya ta birnin Jidda, da wuya ya tuna cewa wannan suna yana da tsohon tarihi da ƙishirwar garin. Jidda dai ba ta da kogi. Mutanen dā sun dogara ne ga rijiyoyi masu zartsi da ramukan tara ruwan sama, ga kuma dubban alhazai da ke sauka kowace shekara. A 1907 Turkawa suka kafa wata na'ura mai dafa ruwan teku ta fid da gishirinsa, mutanen gari suka raɗa mata suna Kindasa. Ruwanta kaɗan ne, ga tsada. Sai a 1947 Sarki Abdul'aziz ya sa aka jawo ruwa da bututu daga Wadi Fatima, aka kira aikin Ainul Aziziyya.

Waɗanda suka tashi bayan wannan, musamman da aka giggina manyan matatun ruwan teku, sai suka ɗauka kimiyya ta gama da batun ruwa. Gari ya bazu gabas, aka yi gine-gine cikin kwaruruwan da kakanni suka san hanyar ruwa ce, ko da za ta daɗe a bushe. Ƙazantar gidaje kuwa, motoci ke kwasa su juye a wani tafki bayan gari, wanda don ba'a ake kira Tafkin Miski.

Ran 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwa ya kece na 'yan sa'o'i, ya bi tsohuwar hanyarsa. Mutum fiye da 120 suka rasu, unguwar Kuwaiza ta sha wuya ƙwarai, har Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta yi ɓarna.

Abin lura shi ne samari da 'yammata, waɗanda ake ganin ba ruwansu da komi, su ne suka yi ta raba abinci da kwashe laka, suka kuma taru a Facebook suna tambayar wa ya ba da iznin gini a kwari. Sarki Abdullahi ya sa a yi bincike. A 2010 aka janye ruwan Tafkin Miski, bayan wata ambaliyar ta Janairun 2011 kuma aka gina madatsai da manyan magudanai. Ran 24 ga Nuwamba 2022 ruwa kimanin milimita 179 ya sauka a kudancin garin. Tituna sun cika, an ba da rahoton rasuwar mutum biyu.