Gidan Wasan da Aka Gina da Katakon Rigima

Ana cikin hutun Kirsimeti na shekarar 1598, ranar 28 ga Disamba, wasu mutane suka sauka a unguwar Shoreditch da ke arewacin Landan, ɗauke da kayan kafinta. Jagororinsu 'yan'uwa biyu ne, Richard da Cuthbert Burbage, tare da wani kafinta mai suna Peter Street. Suka kwance gidan wasan kwaikwayon da mahaifinsu ya gina a 1576, gungume bayan gungume. Hayar filin ce ta ƙare, mai fili kuma, Giles Allen, ya ƙi sabuntawa, yana ganin ginin ma ya zama nasa. Su kuwa suka ce fili naka, katako namu. Daga baya aka haye Kogin Tems da katakon nan, kuma da shi aka tayar da gidan wasa na Globe a 1599. Marubucin wasan kwaikwayo William Shakespeare na cikin masu hannun jari, rabonsa kashi ɗaya cikin goma.

Ba don sha'awar iskar kogi suka zaɓi gaɓar kudu ba. Mahukuntan birnin Landan ba sa ƙaunar 'yan wasa ko kaɗan. A ganinsu taron wasa matattarar 'yan sane ce, yana janye yaran sana'a daga wurin iyayen gidansu, yana kuma yaɗa annoba. Dokar 1572 ta sa ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin manyan ƙasa a sahun 'yan yawon banza. Shi ya sa kowace ƙungiya ta raɓi wani babba, har ta Shakespeare ta koma ƙarƙashin Sarki James a 1603. Gaɓar kudu tana wajen ikon birni, nan ne kuma ake haɗa karnuka faɗa da dabbobi, ga gidajen giya da na karuwai. A wannan unguwa aka yi wasan Hamlet na Shakespeare. Wanda ya san irin kallon da ake yi wa 'yan kama da 'yan gambara a ƙasar Hausa ba zai sha mamaki ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ginin kansa ya tsara rubutun. Gida ne kusan zagayayye, tsakiyarsa a buɗe, ana wasa da rana tsaka don babu fitila. Yana ɗaukar mutum wajen 3,000. Mai kwabo ɗaya ya tsaya a fili dab da dandali, mai ƙarin kwabo ya sami wurin zama a rumfa. Ɗan wasa yana ganin fuskar kowa, kowa yana ganin tasa. Babu kayan ƙawata dandali na a zo a gani, saboda haka in dare ne a labarin, sai ɗan wasa ya faɗa da bakinsa, in daji ne ya siffanta shi. Dole marubuci ya gamsar da lauya da ɗan dako a zama ɗaya, ya cusa barkwanci a tsakiyar kisan sarki. Mata kuwa ba sa hawa dandali. Yara maza da muryarsu ba ta fashe ba su ne ke fitowa a Juliet da matar Macbeth. Sai a 1660 aka fara ganin mace a dandalin Ingila.

Ranar 29 ga Yuni, 1613, ana wasan Sarki Henry na Takwas, aka harba igwa don armashi, tartsatsi ya faɗa kan jinka, gidan ya ƙone ƙurmus. Ba a rasa rai ba. Wani dai wandonsa ya kama wuta, aka kashe da giya. Aka sake gini a 1614, majalisa ta rufe dukkan gidajen wasa a 1642, ba da jimawa ba aka rushe shi.

Ba'amurke ne, ɗan wasa Sam Wanamaker, ya ɗauki nauyin farfaɗo da shi. Tun 1970 yake fafutuka, ya rasu a 1993, shekara huɗu kafin a buɗe sabon Globe a 1997. Shi ne gini na farko da aka yarda a yi wa rufin ciyawa a Landan tun bayan babbar gobarar 1666. Wasu masana sun yi masa kallon tarkon 'yan yawon buɗe ido. A ganina sun yi kuskure, domin da mutum 700 suka tsaya a filin nan cikin hasken rana, sai maganganun da aka ɗauka ɗan wasa na yi shi kaɗai suka bayyana a matsayin hira da jama'a. A 2012 an yi wasannin Shakespeare 37 a can cikin harsuna 37, har da na Yarbanci daga Legas. Mu ma Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu, fassarar wani wasan Shakespeare da Hausa.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Landan lokacin bazararsu, yanki tikitin tsayuwa, shi ne mafi araha kuma mafi kusa da dandali. Ka tafi da rigar ruwa, don ba a yarda a buɗe laima a filin ba.