Ta'addanci da fashin daji a kudancin Jihar Kano

Ta'addanci da fashin daji a kudancin Jihar Kano na nufin hare-haren ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada, Doguwa da maƙwabtansu. Asarar rayuka a yankin ba ta kai ta Borno ko Zamfara ba, amma manyan hanyoyin da suka ratsa shi da kuma Dajin Falgore sun sa ya zama wuri mai muhimmanci ga tsaron jihar baki ɗaya.

Yanayin yankin

Hanyar Kano zuwa Zariya ta bi ta Bebeji da Kiru. A Kwanar Dangora ne hanyar Jos ta rabu da ita, ta wuce Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore zuwa Doguwa, sannan ta shiga Saminaka a Jihar Kaduna. Dajin yana da nisan kusan kilomita 150 daga birnin Kano, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma ya shafi Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Ya haɗu da dajin Lame-Burra na Jihar Bauchi, don haka mai laifi kan iya tsallakawa daga wata jiha zuwa wata ba tare da ya fito titi ba.

Zamanin Boko Haram

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a watan Yulin 2009 a Bauchi da Maiduguri, kuma a makon ne aka kai hari ofishin 'yan sanda na Wudil. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 350,000 a arewa maso gabas, mafi yawansu ta dalilin yunwa da cututtuka.

A Jihar Kano, hare-haren ƙungiyar sun fi yawa a cikin birni. A ranar 20 ga Janairun 2012 an kashe aƙalla mutum 185 a hare-haren da aka kai kan ofisoshin jami'an tsaro. A Janairun 2013 an buɗe wuta kan ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, a Maris kuma bam ya tashi a tashar mota ta Sabon Gari. A ranar 28 ga Nuwamban 2014 sama da mutum 100 suka rasu a Babban Masallacin Juma'a na Kano.

Babban harin da ya fi kusa da yankin shi ne na ƙauyen Dakasoye, a kan hanyar Zariya cikin Ƙaramar Hukumar Garun Malam. A ranar 27 ga Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam cikin 'yan Shi'a masu tattaki zuwa Zariya, ya hallaka sama da mutum 20. Boko Haram ta ɗauki alhakin harin.

Fashin daji

Abin da ya fi addabar mazauna kewayen Falgore shi ne satar shanu, tare hanya da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa. Salon ya bambanta da na Boko Haram. 'Yan Boko Haram sun fi auna jami'an tsaro, wuraren ibada da tashoshi, suna fakewa da aƙida. 'Yan fashin daji kuwa dukiya suke nema, kuma makiyaya, manoma da matafiya ne suka fi shan wahalarsu. Hare-harensu ƙanana ne amma masu maimaituwa, shi ya sa lissafinsu ke da wuya, domin iyalai da dama kan biya fansa a ɓoye ba tare da sun kai rahoto ba.

A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati kuma ta sanya hukuncin a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022.

Matakan gwamnati

A 2017 rundunar sojan ƙasa, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta mayar da Dajin Falgore filin atisaye. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina wa sojoji sansanin horo a dajin, ta kuma kafa rugar makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru domin rage yawon kiwo da saɓani tsakanin manoma da makiyaya. 'Yan banga da mafarauta na taimaka wa jami'an tsaro saboda sanin dawa.

Tasiri

Yankin na daga cikin wuraren da ke ciyar da Kano da masara da shinkafa, kuma a Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take. Idan tsaro ya taɓarɓare, manoma kan ƙaurace wa gonakin da ke bakin daji, direbobi su guji tafiyar dare, kasuwannin ƙauye su rage ci. Ziyarar masu yawon buɗe ido zuwa Falgore, wanda asalinsa gandun namun daji ne, ita ma ta ja baya.