Daga Yatsa Zuwa Agogo: Tarihin Ƙirga Bugun Zuciya

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san yadda ake yi. Ma'aikaciyar jinya za ta kama wuyan hannunka, ta ɗora yatsu biyu, ta zuba wa agogonta ido, sannan ta rubuta lamba a takarda. Aikin ba ya wuce minti guda. Amma sai da ɗan Adam ya shafe fiye da shekaru 3,000 yana taɓa wannan jijiya kafin ƙirga bugunta da agogo ya zama al'adar likitoci. Yatsu dai suna nan tun fil azal, agogon da zai iya raba minti zuwa daƙiƙoƙi shi ne ya makara.

Bari mu faro daga Masar. Akwai wani tsohon kundin magani da ake kira kundin Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya. Masu shi sun gane cewa duk inda likita ya ɗora yatsa, a ka ne ko a hannu ko a ƙafa, zuciya yake ji, domin akwai hanyoyi da suka taso daga gare ta zuwa kowace gaɓa.

Wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya aka yi wani likita Bagirke a birnin Iskandariyya mai suna Herofilus. Shi ne aka fara sani da gwada bugun jijiya da lokaci. Agogon ruwa ya yi amfani da shi, wato mazubi mai ɗan rami da ruwa ke ɗiga ta ciki har ya ƙare. Yakan ƙirga bugun majinyaci cikin wannan ɗan lokaci, ya gwada da abin da ya dace da shekarunsa, ya gane ƙarfin zazzaɓinsa. Ya kuma kwatanta bugun da karin waƙa, ya ce na jariri daban, na saurayi daban, na tsoho daban.

Dabarar agogon ruwa ba ta bazu ba. Waɗanda suka biyo baya sun fi karkata ga siffanta bugun da kalmomi. Jalinus, babban likitan daular Rum a ƙarni na 2, ya rubuta littattafai masu yawa a kan jijiya kaɗai. A ƙasar Sin, a ƙarni na 3, Wang Shuhe ya kasa bugun gida 24. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya lissafa abubuwa goma da likita zai lura da su a cikin littafinsa Al-Ƙanun, daga ciki akwai girman bugun, da ƙarfinsa, da saurinsa, da daidaituwarsa. Sunayen da suke ba bugun ma abin sha'awa ne: mai tsallen barewa, mai tafiyar tururuwa, mai haƙoran zarto, mai kama da wutsiyar ɓera wanda ke farawa da kauri ya ƙare siriri.

Ibn Sina ya kuma san cewa abin da ke damun rai yana bayyana a wuyan hannu. Ya bayyana yadda ake gano wanda so ya kwantar alhali ya ƙi faɗa: a riƙe jijiyarsa, a yi ta ambaton sunayen mutane da unguwanni da gidaje, inda bugun ya rikice nan maganar take.

Wannan ilimi yana da zurfi, sai dai yana da matsala guda. Abin da wani likita zai kira mai sauri, wani zai ce matsakaici ne. Ba a iya rubuta shi a wasiƙa a aika wa likitan wani gari ya fahimta daidai, ba a kuma iya gwada na yau da na jiya sai da tunani.

A farkon ƙarni na 17 wani likitan Italiya, Santoriyo, wanda ya koyar a jami'ar Padua, ya zo da dabara. Ya ɗaure ɗan dunƙulen dalma a zare yana lilo, yana rage tsawon zaren ko ya ƙara har lilon ya yi daidai da bugun majinyaci, sai ya auna zaren. A wurinsa bugun zuciya tsawon zare ne. A 1628 kuma William Harvey na Ingila, wanda shi ma a Padua ya yi karatu, ya nuna cewa jini zagaye jiki yake yi, kuma abin da yatsa ke ji turin jinin ne da zuciya ta harbo. Kafin nan an daɗe ana bin ra'ayin Jalinus cewa jijiyoyin ne ke buɗewa da kansu.

Mutumin da ya kawo mu ga ƙirgar minti guda shi ne John Floyer, likita a garin Lichfield na Ingila. Ya sa an ƙera masa agogon aljihu mai nuna daƙiƙoƙi, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1707. Ya yi ta ƙirga bugun yara da manya, maza da mata, kafin cin abinci da bayansa, yana rubutawa. Abokan aikinsa ba su ba shi muhimmanci ba. Sai da aka ci fiye da shekaru 100 kafin likitocin birnin Dublin irin su Robert Graves su mayar da ƙirga da agogo aikin yau da kullum a gefen gadon majinyaci.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1816 René Laennec, a wani asibitin birnin Paris, ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majinyaciya, ya ji zuciyarta ƙarara, wannan ne asalin abin sauraron ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya. A 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holand ya bayyana na'urarsa mai zana wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa. Nauyinta ya kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Ta jawo masa kyautar Nobel a 1924. A 1907 Arthur Keith da Martin Flack suka gano ɗan gurbin da ke saman zuciya ta dama, wanda shi ke ba da umarnin kowane bugu. Ɗan maƙalen nan da ake sa wa yatsa a asibiti ya samo asali ne daga aikin injiniyan Jafan Takuo Aoyagi a shekarun 1970. Yau agogon hannu ma yana ƙirgawa, ta hanyar haska fata da koren haske.

To me lambar ke faɗa? Baligi da ke zaune a huce, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, wato kusan sau 100,000 a wuni da kwana. Ta sabon jariri kan kai 120 zuwa 160. Ɗan tseren da ya horu na iya sauka zuwa 40 ko 50 yana cikin ƙoshin lafiya. Zazzaɓi na ƙara kusan bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau. Ƙarancin jini na ƙara saurinta, haka ƙishirwa a tsakiyar bazara, da juna biyu, da tsoro, da fushi. Goro da shayi mai kauri da kofi da taba duk suna iya zaburar da ita. Barci da wasu magungunan hawan jini kuwa rage ta suke yi.

Ke nan lamba ita kaɗai ba ta isa hukunci ba. Bugu 110 ga wanda ya hawo bene yanzu ba komai ba ne, amma ga wanda ya kwana a kwance abin bincike ne. Tambayoyin da Ibn Sina ke yi ba su tsufa ba: wane ne mai bugun, a wane hali yake, kuma bugun yana tafiya daidai ko yana tuntuɓe?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma yatsunka za su iya amsa ta ba da kuɗi ba. Ka zauna ka huta minti biyar. Ka ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa. Kada ka yi da babban yatsan, domin yana da nasa bugun. Ka ƙirga na minti guda cif. Idan bugun ba shi da tsari, yana gudu yana tsayawa, ka je a duba ka, domin akwai irin wannan rikicewa da ke sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Haka idan kullum yana wuce 100 kana zaune. In kuwa saurin ko jinkirin ya zo da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, wannan ba a kwana da shi a gida.

Herofilus ya nemi minti guda a cikin ɗigon ruwa, Floyer sai da ya sa aka ƙera masa agogo na musamman. Kai kuwa, mai karatu, wayar da ke hannunka tana nuna daƙiƙoƙi. Ka san bugunka na ranar da kake lafiya, don ka sami abin gwadawa ranar da jiki ya ƙi daɗi.