Ruwan Challawa da tsuntsayen da ke jiransa a Dagona

Shirin yau hoto ne ya jawo shi. A hunturun da ya wuce na yi sammako zuwa bakin dam ɗin Challawa ta wajen Turawa, da waya a hannu, wai zan ɗauki tsuntsaye. Na samu zalɓe yana tsaye kamar an dasa shi, da balbela, da garken kirinjijiya da suka tashi tun kafin in saita kyamara. Da na koma gida na nuna wa kakana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina kwanta-rafi? Ina gauraka?" Wallahi ban taɓa ganin kwanta-rafi da idona ba. Shi kuwa ya ce a ƙuruciyarsa, a wannan kwarin da ruwa ya shanye, su da gada da mazo suke raba hanya in an je kamun kifi.

An kammala dam ɗin nan a 1992. Tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, tsayinsa wajen mita 40, kuma yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Yayansa shi ne Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, lokacin da fari ya gigita Arewa har hukuma ta ga mafita ita ce a tare ruwan damina a ajiye. Ba zan ce sun yi kuskure ba. Kano na shan wannan ruwa, masunta da 'yan noman rani a Karaye da Rogo da Kiru na cin abinci da shi. Amma ƙauyuka sun tashi, gonakin fadama sun nutse, naman dawan da ke kwarin kuma babu wanda ya biya shi diyya.

Yanzu ku bi ruwan da ni. Kogin Challawa yana gangarawa ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja, ya wuce Wudil ya nufi gabas. Can tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ƙasa shimfiɗe take, ga tudun yashi, sai kogin ya rarrabu ya malale. Wannan ambaliyar ta shekara-shekara ita ce ran yankin. A shekarun 1960 da farkon 1970 takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000. Bayan fari da dam-dam ɗin nan, sai ta dawo ƙasa da rabin haka a yawancin shekaru.

A nan tsuntsaye suka shigo labarin. Duk hunturu, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin tabki sukan baro Turai da Rasha, su ƙetare Sahara, su sauka a wannan fadama tare da namu na gida irin su dinya da kwarwa. Saboda su aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, kuma a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona ta ƙasar Bade don ya gan su. A 2000 tabkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta Jigawa ta biyo baya a 2008. Ka ji fa, baƙo daga Landan ya san Dagona, ni ɗan Karaye da ruwanmu ke zuwa can sai a jami'a na fara jin sunan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kachala. Da, kogi kan cika da damina ya ƙafe da rani, ciyawa ta mutu. Da aka fara sako ruwan dam a kai a kai duk shekara, sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani ya bushe, jan-baki kuma ya samu maɓoya yana cinye wa manoma gero da shinkafa. Wato hannun da ke buɗe ƙofar ruwa a nan wajenmu, shi ke yanke wa manomin Guri da agwagwar Turai hukunci tare.

Gauraka kam ba dam kaɗai ya kore ta ba. Mun kama ta mun sayar wa masu kuɗi su ƙawata tsakar gida, har ta kusa ƙarewa a dajin Najeriya baki ɗaya.

Na tambayi kakana ko akwai wanda ya ɗauki hoton kwarin kafin ruwa ya zo. Dariya ya yi. Shi ya sa yanzu in na je bakin dam nake rubuta ranar da wurin a ƙarƙashin kowane hoto, ko da ya fito dishi-dishi. Wanda ke da dattijo a Rogo ko Karaye da ya san kwarin kafin 1992, don Allah ya zauna da shi ya naɗi muryarsa, ya tambaye shi sunayen namun da tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, da inda suke shan ruwa. Ku turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.