Wuƙar Madafinki Da Maƙeran Gaya

'Yar'uwa, a cikin kayan ɗakin amarya akwai abu ɗaya da ba a jera shi a kabad, ba a kuma nuna wa 'yan ganin ɗaki, amma ran da aka wayi gari babu shi, to girki ya tsaya cak. Wuƙa ke nan. Da ita kike yanka albasa da kuɓewa, da ita kike fere doya, amma na san da wuya ki taɓa tambayar kanki daga ina ta samo asali a ƙasar nan tamu. To gyara zama, don zancen zai kai mu Gaya, can gabas da birnin Kano.

Kowa ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, sai dai akwai wata gaɓa da masu ba da labarin suke yawan tsallakewa. An ce da ya baro Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas ta wajen Haɗeja, sai ya biyo ta Gaya, ya sa maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa. Da ita ya isa Daura ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Labari ne na baka, kaka da kakanni, amma ki duba abin da yake nunawa: mutanen da, in suna son su ce ƙarfe ya amsa sunansa, sai su ce daga Gaya ya fito. Ni kuwa a ganina, waɗanda suka fi kowa cin moriyar wannan wuƙa mata ne, don mun san wanda rashin ruwa yake fara dama a gida.

Birnin Kano ma haka. Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dutsen Dala neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, suka samu, suka zauna. Su ake kira Abagayawa, har ana cewa sunan babbansu Kano. Masu binciken kayan tarihi kuma sun tono tsohon murhun narkar da tama a wajen Dala, suka auna, suka ce tun ƙarni na 7 na Miladiyya ake wannan aiki a wurin. Kin ga sama da shekara 1,300 ke nan.

Aiki ne fa na wahala. A haƙo tama, a gina murhu na yumɓu, a jera gawayi a jera tama, a kwana ana wuta kafin a sami curin ƙarfe, shi ma cike da datti, sai an yi ta dukansa. Shi ya sa a da wuƙa dukiya ce. Ba a yar da ita. In ta cinye a kai wa maƙeri ya mai da ita aska ko basilla.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turawa ya fara shigowa da arha, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Amma ƙira ba ta mutu ba, tama kawai ta canja. Maƙeran baƙi (su ne masu baƙin ƙarfe, maƙeran fari kuwa su ne masu azurfa da tagulla, masu yi mana awarwaro da zobe) suka koma ga tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin mota da tsohon zarto, don sun gane irin wannan ƙarfe yana riƙe kaifi. Allah mai iko, motar da ta gama yayinta a hanyar Wudil, sai ga ta a madafi tana yanka nama.

Har yau a ƙauyukan Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, aikin maƙeri yana bin shekara ne. Gab da damina fartanya da garma, da kaka lauje, in Babbar Sallah ta matso kuwa sai wuƙaƙen yanka da na fiɗa. Yaro yana kan zuga-zugi, maigida ya kama ƙarfe da awartaki ya tura cikin gawayin ƙirya, wanda yake da zafi kuma ba ya saurin cinyewa. In ya yi ja, ya ɗora kan uwar maƙera ya bi shi da masaɓa, yana faɗaɗa baki yana barin baya da kauri. Inda gwani yake fita daban shi ne wajen tsomawa a ruwa ko a mai. In zafi ya yi yawa, wuƙa ta yi tauri ta riƙa ɓalgacewa. In ya gaza, ta yi laushi, kullum kina kan dutsen wasawa. Da ido kawai yake ganewa, daga launin ƙarfen. Sannan a sa ƙota ta itace, baduku ya ɗinka kube.

Yanzu 'yan mata sun fi son farar wuƙa 'yar China mai ƙyalli, wai ta maƙera tana tsatsa, tana baƙanta albasa. Gaskiya ne tana tsatsa in an bar ta a jiƙe. Amma kowane kwalin fararen nan da aka sauke a kasuwa, wani maƙeri ne ya rasa ciniki, ɗansa kuma ya ajiye zuga-zugi ya tafi birni neman na kansa. Ki kuma leƙa wajen mahauta da masu tsire ki ga irin wuƙar da yawancinsu suke riƙewa. Maganin tsatsar kuwa ba wuya: in kin gama aiki ki wanke, ki goge ta bushe sarai, ki ɗan shafa mata man gyaɗa, ki soke ta a inda hannun yara ba ya kaiwa.