Ya Taɓa Haurar da Wata Ƙungiya?

Ƙofar Rini ɗaya ce daga ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, kuma a nan aka yanke mini cibiya. Ganuwa ta daɗe da zubewa, amma zaman bakin ƙofa bai mutu ba, ya koma majalisar mai shayi da rumfar kallon ƙwallo. A irin wannan zama, duk ranar da labari ya iso cewa an yi wa Sokoto United sabon koci, tambayar da ke fara fita daga bakin mutane guda ce: "Wanga, ya taɓa haurar da wata ƙungiya?" Ba a tambayar lasisinsa, ba a tambayar yaran da ya rena. In an ce ya taɓa, sai ka ga hankali ya kwanta kamar aiki ya riga ya ƙare. In an ce bai taɓa ba, to tun bai taka filin Giginya ba an gama yanke masa hukunci.

Wannan tambaya ba ta da tsufan da ake zato. Kakanninmu da suka fara jin labarin ƙwallo a rediyo ba su san ta ba, domin a zamaninsu babu hawa babu sauka. Gasar da ake ji da ita ita ce ta kofi, wadda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, daga baya ta koma Kofin Ƙalubale. Wanda aka doke ya koma gida, sai baɗi. Haka Kano ta ɗauko kofin a 1953. Mai horarwa a lokacin yawanci malamin wasanni ne na makaranta, ko tsohon ɗan wasan da ƙafa ta gaza, kuma da wasa ɗaya ake auna shi. Sai a 1972 aka fara gasar tara maki ta ƙasa, Mighty Jets ta Jos ta fara lashe ta, Raccah Rovers ta Kano ta biyo a 1978. Da ƙungiyoyi suka yi yawa aka raba su rukuni-rukuni, daga nan ne aka sami sama da ƙasa, aka sami abin da masu sharhi ke kira faɗawa gasar 'yan dagaji, aka kuma sami sabuwar sana'a: ta mutumin da ake kira ya zo ya fitar da ƙungiya daga rami.

Babu hawan da ya kai na Leventis United ta Ibadan a tarihin ƙwallon Najeriya, kuma ina so masu gardama a majalisarmu su riƙa tuna shi. Ta ci rukuni na uku a 1984, ta ci na biyu a 1985, ta ci na ɗaya a 1986, shekara uku a jere ba tare da ta tsaya hutawa ba. A cikin tafiyar ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Masu Kofi na Afirka a 1985, inda Al Ahly ta Masar ta tare ta. Ka tambayi duk wanda ya ga zamanin, sunan da zai fara kawo maka shi ne John Mastoroudes, mutumin da ke tafiyar da ƙungiyar a madadin kamfanin, kafin ya tuno sunan wani koci. Abin da aka sani da Leventis shi ne albashi ba ya makara, mota tana nan, masauki yana nan. Da kamfanin ya janye hannunsa ba da jimawa ba, ƙungiyar ta watse, duk da tarin gwanintar hawa da ke cikinta.

Watsewar ƙungiyoyin kamfanoni da na attajirai ita ta bar ƙwallo a hannun gwamnatocin jihohi. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka haifi Kano Pillars. Sauran jihohin Arewa ma kowace ta riƙe tata. A nan ne, a ganina, tambayarmu ta yi saiwa. Shugaban ƙungiyar jiha naɗa shi ake yi, bai san ranar da za a sauke shi ba, kuma akwai ofishin da zai je ya yi bayanin kuɗin da aka ba shi. Mafi sauƙin kariya a gare shi ita ce ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauko wanda ya haurar da ƙungiya kaza." In an hau, shi ya iya zaɓe. In ba a hau ba, laifin koci ne, a kawo wani. Mu kuma 'yan kallo muka karɓi wannan ma'auni muka mayar da shi namu.

Ba na cikin masu cewa gogewar banza ce. Wanda ya taɓa bin rukuni na biyu ya san abubuwan da ba a koyarwa a kwas. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000 a mota. Yara su sauko ƙafa a kumbure, su kwana uku-uku a ɗaki, washegari su shiga filin da rabinsa ƙasa ce, ƙwallo tana tsalle inda ta ga dama, 'yan kallo kuma suna dab da layi. Kocin da ya san wannan ba zai tsaya yana koya musu ƙwallon gayu ba. Zai nemi dogayen masu tsaron baya, ya nemi mai bugun tazara, ya koya wa yaransa cewa maki ɗaya a waje dukiya ce, a gida kuma ba a yafe ko ɗaya. Ya san ranar da zai rage atisaye a zafin Afrilu, lokacin da awon zafi ke wuce 40 a garin nan. Sama da duka, ya san yadda ake yi wa yaro magana idan wata ya mutu alawus bai fito ba. Na taɓa tsayawa bakin waya da yamma ina kallon wani koci ya ja kyaftin ɗinsa gefe bayan atisaye, ya zaro abin da ke aljihunsa ya danƙa masa ya ce a raba wa yara kuɗin mashin. Washegari babu wanda ya ƙi fitowa. Wannan ma ilimi ne, kuma sai wanda ya sha wuya yake da shi.

Sannan ga gasar ƙungiyoyi takwas da aka riƙa rufe kakar rukuni na biyu da ita, inda ake tara su a gari ɗaya, huɗu na Arewa huɗu na Kudu, wasa uku kacal su raba gardamar wahalar shekara. Mu Sakkwatawa mun ɗanɗana ta a 2024 a Inugu. Sokoto United ta kai wannan mataki, muka kasa kunne, amma kujeru biyu na Arewa suka tafi ga Nasarawa United da El-Kanemi Warriors, ƙungiyoyin da ba su daɗe da saukowa daga sama ba. Kocin El-Kanemi, Aliyu Zubairu, bai tsaya nan ba, ya doke Abia Warriors da ci 2-0 a Legas ya ɗauki kofin ƙasa, wanda rabon Maiduguri da shi tun 1992. Masu cewa gogewa ita ce komai sun sami hujja a wannan shekara, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma a koma baya shekara ɗaya. A 2022 Kano Pillars, mai kambun gasa huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗo tare da Katsina United, bayan kakar da har maki aka zare mata saboda tarzoma. A 2023 a Asaba ƙungiyoyi huɗu suka haura: Pillars a hannun Evans Ogenyi, Katsina United a hannun Usman Abdallah, Heartland ta Owerri a hannun Christian Obi, da Sporting Lagos a hannun Paul Offor. Kafin a buɗe sabuwar kaka Pillars ta kawo Abdu Maikaba, Katsina ta koma hannun Tony Bolus. Su biyun suka tsira a sama. Heartland da Sporting Lagos suka shiga kaka da mutanen da suka haurar da su, kaka ba ta ƙare ba sai da suka rabu da su, kuma duk da haka suka ƙare cikin huɗun ƙasa. Ba ina nufin sallamar wanda ya yi maka wahala ita ce dabara ba, raina ba ya son wannan ɗabi'a. Abin da na fahimta shi ne aikin iri biyu ne. Mai fito a gulbin Rima ya san inda ruwa ke da zurfi da inda yashi yake, zai tsallakar da kai lafiya, amma sanin hanyar da ke tudu bayan ka sauka wani sani ne daban, kuma ba kowane mai fito ke da shi ba.

Yaranmu da ke cika gidajen kallo ranar Asabar sun fi ni sanin misalan Ingila. Neil Warnock ya haurar da ƙungiyoyi sau takwas, babu wanda ya kai shi a can, amma ba a san shi da daɗewa a Firimiya ba. Daniel Farke ya hau da Norwich a 2019 da 2021, ya sake hawa da Leeds a 2025. A ɗaya gefen kuma Kieran McKenna, wanda bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba, ya ɗauki Ipswich daga rukuni na uku zuwa Firimiya cikin kaka biyu. Sai dai a 2024 da 2025 duk ƙungiyoyi ukun da suka hau sun koma inda suka fito, gogaggu da sababbin hannu baki ɗaya, saboda tazarar kuɗi tsakanin rukunin biyu ta fi ƙarfin koci.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na gida ne. Remo Stars ta Ikenne ta hau ta faɗo a 2017, ta sake hawa ta faɗo a 2019. Mai ita, Kunle Soname, bai zauna jiran kocin da ke da laƙanin hawa ba. Ya gina fili, ya kafa makarantar renon yara ta Beyond Limits, ya riƙe Daniel Ogunmodede wanda ya daɗe a gidan. Suka hau a 2021, a 2025 suka lashe gasar ƙasa. Ita kanta Beyond Limits ta ci rukuni na biyu a wannan gasa ta Inugu da muka fita ba mu samu ba, da yaran da aka rena a gida. Ikorodu City ma, wadda ta haura daga wannan gasa, ta ƙare ta huɗu a kakarta ta farko a sama.

Abin da ke mini ciwo shi ne ba ƙafa muka rasa ba. Shehu Abdullahi ɗan garin nan ne, amma sai da ya bi ta Jos da Kano kafin duniya ta san shi, har ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016 ya kuma je Kofin Duniya a Rasha a 2018. Irinsa suna nan a filayen unguwa daga Ƙofar Rini har Ƙofar Kade, suna buga ƙwallo babu takalmi har a kira magariba, kuma yaran da ke tasowa yanzu ba su taɓa ganin ƙungiyar garinsu tana karɓar Enyimba ko Rangers a wasan babban rukuni ba.

Don haka in aka kawo mana mutum aka ce ya taɓa haurar da ƙungiya, ina maraba da shi, amma ina so a ƙara masa tambaya. Da wane kuɗi ya hau, kuma a wane wata kuɗin ya fito, kafin a fara kaka ko bayan an yi nisa? Yaran da ya hau da su shi ya gina su, ko haya aka yi masa na wata huɗu suka watse? Ƙungiyar tana ina bayan shekara biyu? Su ma masu ɗaukarsa akwai tambayar da ke kansu, domin kocin da aka ba kwantiragin kaka ɗaya ba zai kalli ɗan shekara 17 daga Runjin Sambo ba, tsofaffin da suka san hanya zai kwaso daga wasu jihohi, kuma yana da gaskiya, tunda da sakamakon kaka ɗaya za a auna shi. A ba shi shekara uku a rubuce, a ware albashin yara tun kafin wasan farko, a haɗa shi da mataimaki ɗan gida wanda zai gaje shi. In an yi haka zan yarda a ɗauki ko da wanda bai taɓa leƙa gasar ƙungiyoyi takwas ba, muddin ya san yaran garin nan da sunayensu.